Auna Furotin a Ɗigon Jini: Darasin Gwajin Sankara na 2002

A watan Fabrairun 2002, mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani bincike da ya sa likitocin mata murna a duniya. Emanuel Petricoin na hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, da Lance Liotta na Cibiyar Binciken Sankara ta ƙasar, sun ce za a iya gane sankarar gidan ƙwan mace daga ɗigon jini. Cuta ce mai ɓoye kanta, yawanci sai ta bazu a ciki kafin a farga.

Sun yi aikin ne da na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari. Ana ɗiga ruwan jini a kan ɗan farantin ƙarfe, ya bushe, a haska masa hasken lesa. Furotin sai su tashi ɗauke da cajin lantarki, su bi ta cikin bututun da aka zuƙe wa iska. Marasa nauyi su riga isa ƙarshe, masu nauyi su biyo baya, kwamfuta kuma ta zana layi mai tudu da kwari, kowane tudu yana nuna wani nauyi. A shekarar ce ma John Fenn da Koichi Tanaka suka samu kyautar Nobel saboda hanyoyin auna manyan ƙwayoyi irin waɗannan.

Sakamakon ya burge. A cikin jini 116 da aka ɓoye asalinsu, tsarin tudu da kwarin nan ya gano masu sankara 50 gaba ɗaya, ya kuma wanke 63 daga cikin 66 marasa ita. Nan da nan kamfanin Correlogic ya shirya fitar da gwajin kasuwa da sunan OvaCheck.

Sai dai sauri ya haifi nawa. Masana ƙididdiga a Cibiyar MD Anderson da ke Teksas, Keith Baggerly da abokan aikinsa, sun sake bin bayanan dalla-dalla, suka wallafa abin da suka gani a 2004. Tsarin da ya raba masu cuta da masu lafiya a wani rukunin jini bai yi aiki a wani rukunin ba. Wani bambancin ma a sashen da babu komai sai hayaniyar na'ura ya fito. Alamu sun nuna ba a sarrafa jinin ɓangarorin biyu ta hanya ɗaya ba. Na'ura mai kaifi irin wannan tana jin daɗewar jini a firji da sauyin saitinta, kamar yadda take jin cuta. A wannan shekarar ta 2004 FDA ta ce sai an tantance gwajin kafin a sayar.

Ko da alƙaluman farko sun tabbata, akwai matsala. A cikin mata 2,500 da suka haura shekara 50, kusan ɗaya ce ke ɗauke da cutar. Gwajin da ke kuskure a kashi 5 cikin 100 zai tsoratar da lafiyayyu kusan 125 kafin ya kama ɗaya, wasu har a kai su ɗakin tiyata a banza.

Fasahar kanta ba ta faɗi ba. A 2009 FDA ta amince da OVA1, wanda ke auna furotin biyar, wasunsu da wannan na'ura aka gano su. Amfaninsa taƙaitacce ne: macen da aka riga aka ga kumburi a gidan ƙwanta, kuma za a yi mata aiki, yana taimaka wa likita ya san ko a tura ta wurin ƙwararren sankara. Haka kuma asibitoci da dama yanzu suna gane nau'in ƙwayar cuta da na'urar cikin mintoci, da zarar ta tsiro a faranti.

Don haka duk wanda ya zo da sabon gwajin jini, a tambaye shi: yaya aka ɗebi jinin, yaya aka adana shi, an cakuɗa na masu cuta da na masu lafiya wajen aunawa, kuma wani ɗakin bincike daban ya maimaita ya samu daidai? Matar da za a miƙa wa sakamakon ta cancanci a amsa waɗannan tambayoyin tun kafin a soka mata allura.