Takardun Zuwan Nasara: Abin Da Aka Rubuta A Kanmu Da Abin Da Ya Rage A Gafakarmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ɗalibin da ya tashi a Tafashiya ko Rimaye ko Kusada, idan ya so sanin halin da kakanninsa suka shiga a shekarar da Nasara suka ci ƙasar nan, sai ya yi doguwar tafiya kafin ya ga takarda ɗaya da ta ambaci garinsu. Zai fara da Katsina, a ce masa ya nufi Kaduna. Idan ya yi sa'a, zai tarar da sunan garin cikin jerin haraji, da rubutun wani Bature da ya zo rangadi ya wuce. Wannan hali ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi takardun wancan yaƙi, mu ga wa ya rubuta su, me suka faɗa, me kuma suka bari a hannunmu.

Wata shida da suka sauya ƙasa

A ranar 3 ga Fabrairu, 1903, sojojin Ingila suka shiga Kano. A ranar 15 ga Maris, cikin watan Zulhajji na 1320 bayan Hijira, aka gwabza a filin Giginya, Sakkwato ta faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita ya nufi gabas da jama'a mai yawa. Kafin watan ya ƙare, Lugard, wanda Hausawa suka sani da Gwamna Lugga, ya iso Katsina, Sarki Abubakar ya karɓe shi ba tare da an yi harbi ba. A ranar 27 ga Yuli aka yi yaƙin ƙarshe a Burmi, cikin Jihar Gombe ta yau, inda Attahiru ya kwanta dama tare da ɗaruruwan mabiyansa.

Kusan duk waɗannan ranaku daga rahotannin sojojin da suka ci yaƙin muka same su. Suna da amfani, domin sun kiyaye rana da wuri da adadin bindigogi. Amma wanda ya ci yaƙi, dalilinsa yake rubutawa.

Wasiƙar da aka kafa hujja da ita

Misali mafi girma shi ne wata wasiƙa da Lugga ya ce ta zo masa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman a watan Mayu na 1902, mai nuna cewa babu abin da ke tsakaninsu sai yaƙi. Da fassararta ta Turanci aka kafa hujja a Landan cewa Sakkwato ce ta fara shelar gaba. Asalin wasiƙar da Larabci kuwa ba a fito da shi ba. A 1964 wani tsohon jami'in mulkin mallaka, D. J. M. Muffett, ya bi takardun ofishin Lugga ɗaya bayan ɗaya, ya bayyana shakkarsa a kan yadda aka fassara wasiƙar da yadda aka yi amfani da ita.

Ga ɗalibin da ya karanta ilimin hadisi, wannan ba baƙon abu ba ne. Labarin da mutum ɗaya ya kawo, wanda kuma yake da riba a cikinsa, ana tsayawa a bincike shi. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta hore mu da tantance labari kafin mu gina hukunci a kansa. Ma'aunin da malamanmu suka auna masu ruwaya da shi, da shi ya kamata mu auna rahoton Razdan da na Di'o.

Muryar waɗanda aka ci da yaƙi

Allah cikin ikonSa, ɓangare na biyu ma ya bar rubutu. Bayan faɗuwar Sakkwato an samu tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Muhammadu Buhari, waɗanda sarakunan ƙasashe suka riƙa aikowa tun Nasara suna matsowa daga kudu. H. F. Backwell ya fassara su, aka buga a Legas a 1927. Mai karanta su zai ji sarakuna suna ba da labarin garin da aka ci jiya, suna neman shawara, wasu suna maganar hijira tun kafin yaƙin ya iso ƙofarsu.

Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne risalar da Waziri Buhari ya rubuta da kansa zuwa ga ma'abota ilimi da tunani, yana bayanin dalilin da ya sa ya koma Sakkwato maimakon ya bi Attahiru. Ya tara malaman da ke tare da shi, aka duba littattafai, aka tsaya a kan cewa ya halatta a yi mu'amala da mai rinjaye a zahiri idan ana tsoron halakar jama'a, muddin bai hana salla da azumi da sauran rukunnan addini ba. Duk da haka zuciyarsa ba ta natsu ba, sai da ya sake neman fatawar wani babban alƙali. Wasu malaman zamanin kuwa sun rubuta akasin haka, suka ce hijira ce wajibi. Waɗanda suka bi wannan ra'ayi, zuriyarsu na nan a Sudan, a garin Mai Wurno da ke bakin Kogin Nilu, wanda ya ɗauki sunan ɗan Attahiru.

Ba don waɗannan takardu ba, da sai a ce wanda ya zauna matsoraci ne, wanda ya tafi kuma gudu ya yi. Rubutun ya nuna mana mutane masu tsoron Allah a ɓangarorin biyu, kowa da hujjarsa ta fiƙihu, kowa kuma yana fargabar tsayuwa gaban Mahaliccinsa.

Yadda aka sake ɗinka ƙasar Katsina

Rashin harbi a Katsina bai hana girgiza ba. Ba a cika shekara biyu ba aka tuɓe Sarki Abubakar. Wanda ya gaje shi, Malam Yero, shi ma aka cire shi a 1906, aka naɗa Durbi Muhammadu Dikko, sarauta ta bar gidan Dallazawa ta koma na Sulluɓawa. A zamanin ne, lokacin da H. R. Palmer yake Baturen mulki a Katsina, aka yanka ƙasa gunduma-gunduma, aka fitar da hakimai daga Birni zuwa cikin talakawansu, aka kafa Baitulmali. Kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da na karofi, har da zakkar hatsi, sannu a hankali aka narkar da su cikin haraji guda, jangali kuma ya tsaya a kan makiyaya.

A nan ne ƙauyukan Kankiya da Kusada suke bayyana a takarda. Kafin a yanka wa gunduma haraji, sai Bature ya zagaya ta, ya ƙirga magidanta da shanu da rijiyoyi da marinai, ya tambayi dattawa asalin gari da jerin masu sarauta. Akwai kuma rajistocin kotunan alƙalai, inda aka rubuta rabon gado da rikicin gona da sunayen bayin da suka fanshi kansu, domin dokar Nasara ta ce duk wanda aka haifa daga farkon Afrilun 1901 ɗa ne, ko da yake ba a soke bauta gaba ɗaya ba sai a 1936.

Mai neman waɗannan a Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ya lura da abu ɗaya: Katsina tana ƙarƙashin Lardin Kano har 1926, sannan Lardin Zariya, ba ta zama lardi mai cin gashin kansa ba sai 1934. Don haka labarin gari ɗaya yana iya rabuwa cikin kundaye uku. Akwai kuma Arewa House a Kaduna, da ma'adanar Waziri Junaidu a Sakkwato, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina. Daga irin waɗannan wurare, da kuma bakin dattawan ƙauyuka, marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya haɗa tarihin Katsina da aka buga a 1981.

Takardun 'yanci ma suna can. Ranar da Arewa ta karɓi mulkin kai, 15 ga Maris, 1959, an zaɓe ta ne da sani: shekara 56 cif da faɗuwar Sakkwato.

Abin da ke cikin gafaka

Baturen rangadi ya ƙirga rijiyoyi, amma bai rubuta wanda ya haƙa su sadaka ba. Ya ƙirga makarantun allo, bai rubuta littafin da malam yake karantarwa a zaure ba. Wannan rabin labarin yana gidajenmu. A ƙarshen tsohon kwafin Risala ko Ishriniya, mai rubutu kan sa sunansa da na mahaifinsa da garinsu, wani lokaci da shekara. A gefen shafi akan sami ranar rasuwar wani malami, ko ambaton shekarar yunwa irin Kakalaba ta 1914. Akwai wasiƙun hakimi zuwa ga dagaci da ajami, da takardun haraji, da shaidar sayen gona. Hatta sunayen garuruwa irin Kafin Soli da Kafin Dangi suna tuna mana zamanin da ba a kwana lafiya sai a cikin kafi.

Gara da yoyon damina suna cin waɗannan a hankali. Mu ma muna taya su: sau da yawa magada kan ƙona tsofaffin takardu ko su binne su don girmama sunan Allah da ke ciki, ba tare da an karanta ba. Niyyar kyakkyawa ce, sai dai ya kamata a fara kai wa malamin da ya iya tsohon rubutu ya duba. A ɗauki hoton kowane shafi da waya cikin hasken rana, bi da bi, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Kada a liƙa musu gam ko salatif, kada a rufe su cikin leda, kada kuma a bar su a ƙasa. Mutanen Timbuktu sun ba da misali a 2012 da 2013, lokacin da 'yan bindiga suka mamaye garin: iyalai ne suka fitar da mafi yawan littattafan cikin akwatuna zuwa Bamako, aka ƙona wasu daga cikin waɗanda suka rage.

Namu yaƙin, wa ke rubuta shi?

Yau ma ƙauyukan tsakiyar Katsina suna cikin jarrabawar 'yan bindiga. An tashi wasu garuruwa, an bar gonaki, an kora shanu, an ɗauke mutanen da har yanzu ba amo ba labari. Ranar da Allah Ya kawo sauƙi, tambayoyin da za su taso na shari'a ne. Ina iyakar gonar marayu, bayan shingen ya mutu kuma dattijon da ya san ta ya rasu a gudun hijira? Wa ya riga wa mutuwa tsakanin uba da ɗa, tunda gado ya rataya a kan haka? Matar wanda ya ɓace, a mazhabar Malikiyya, jiranta na shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙara ake lissafa shi, kuma hukuncin yana sauyawa gwargwadon yanayin da mijin ya ɓace a ciki. Duk wannan sai da kwanan wata da shaidu.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Idan bashi ya cancanci haka, jini da gona da aure sun fi cancanta. Muna kira ga limamai da masu unguwanni da malaman Islamiyya da su buɗe littafi a kowane gari: ranar da abu ya faru, sunayen waɗanda aka rasa, dukiyar da ta salwanta, iyakokin gonakin da aka bari, da sa hannun shaidu biyu adilai. A rubuta abin da aka gani, a bar jita-jita, kada a ɗora wa kowa zargi ba hujja. Littafin amana ne, a hannun amintattu zai zauna, ba na yaɗawa a Facebook ba ne. Ɗalibanmu da suka iya boko da Larabci su ne suka fi dacewa da riƙe alƙalamin.

Waziri Buhari ya rubuta nasa uzurin cikin kwanakin da suka fi kowanne ɗaci a rayuwarsa, shi ya sa bayan shekara fiye da 120 muke iya yi masa adalci. Jikokinmu ma za su nemi irin wannan daga gare mu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu. Amin.