Talabijin na Hunan: Tashar Lardi da Ta Yi Gogayya da Beijing

Gidan talabijin na lardin Hunan da ke ƙasar Sin ya fara aiki a birnin Changsha a shekarar 1960, sannan ya ɗauki sunan lardin a 1970. Ya daɗe bai bambanta da sauran tashoshin larduna ba: labaran gwamnati ne da abin da aka turo daga Beijing.

Al'amura sun canza ranar 1 ga Janairun 1997, da tashar ta hau tauraron ɗan'adam, ana kama ta a duk faɗin ƙasar. Hunan lardi ne na manoma, ba shi da kuɗi irin na Shanghai, manyan labarai kuwa suna hannun tashar ƙasa ta CCTV. Sai shugabannin gidan, ƙarƙashin jagorancin Wei Wenbin, suka rungumi abin da babbar tashar ba ta ɗauka da muhimmanci ba, wato nishaɗin matasa. A shekarar ce aka fara shirin wasanni da raha na Kuaile Dabenying, wanda ya mamaye daren Asabar a gidaje.

Gasar waƙa ta 'yan mata zalla, Chaoji Nusheng, ita ta fi tayar da ƙura. A zagayen 2005 masu kallo ne suka yi zaɓe ta saƙon waya, suka ba Li Yuchun nasara da ƙuri'a sama da miliyan 3. Budurwa ce mai gajeren gashi da shiga irin ta maza, nesa da siffar mawaƙiyar da aka saba gani a allo. A ƙasar da ba a jefa ƙuri'ar zaɓen shugabanni, ganin matasa a titi suna roƙon masu wucewa su zaɓi gwanarsu bai yi wa hukuma daɗi ba. Aka riƙa gindaya wa irin wannan gasa sharuɗɗa, har aka dakatar da ita a 2011.

Tashar ba ta karaya ba. Ta sayo tsarin wasu shirye-shirye daga Koriya ta Kudu a 2013, shekara guda bayan haka ta tattara kayanta a dandalinta na intanet, Mango TV. Sunan ya samo asali daga tambarinta mai ruwan ɗorawa, wanda masu kallo suka ce ya yi kama da mangwaro. Kuaile Dabenying kuwa an daina nuna shi a 2021, lokacin da hukumomi suka sake matsa wa harkar nishaɗi lamba.