Gudun Wuce Sa'a a Cikin Kwamfuta

Kowace kwamfuta tana da wata 'yar ƙwaƙwalwa wadda ke yin dukan lissafinta. Ita kuwa ƙwaƙwalwar nan ba ta motsi sai da bugun wani agogo na ciki, kamar yadda 'yan fareti ba su ɗaga ƙafa sai an buga ganga. Bugu miliyan ɗaya a daƙiƙa shi ake kira megahaz ɗaya. To, akwai masu ƙara saurin bugun nan ya wuce abin da kamfani ya rubuta, don su sami aikin babbar na'ura da kuɗin ƙarama.

Me ya sa hakan ke yiwuwa? Ai a masana'anta tare ake ƙera ƙwaƙwalen nan, sa'an nan a gwada su, a raba su aji aji. Sau da yawa wadda aka sa a ƙaramin aji tana da sauran ƙarfi a ɓoye. Alal misali, a 1998 kamfanin Intel ya fitar da Celeron 300A, mai gudun megahaz 300, wato 66 sau huɗu da rabi. Da masu wayo suka mai da 66 ɗin nan 100, sai ga ta tana gudun 450, tana goga kafaɗa da Pentium II mai tsadar gaske.

Amma fa abin yana da ladansa, yana da la'adarsa. In an ƙara gudu, sau da yawa tilas a ƙara ƙarfin wutar lantarki, zafi kuwa ya fi gudun saurin hawa. Daga nan sai na'ura ta fara kuskuren lissafi, ko ta tsaya cik mutum yana tsakiyar aiki, kwananta kuma ya ragu. In ta lalace ta wannan hanya, yawanci kamfani ba ya biya. Masu gasa har ruwan naitirojin suke zuba mata, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, da shi ne AMD FX ta haye megahaz 8,400 a 2011. Wannan kuwa na 'yan mintoci ne kawai.

Ni dai a ganina, wanda fankar kwamfutarsa ta cika da ƙurar hunturu, ga zafin watan Afrilu yana tafe, gara ya fara share fankar tukuna kafin ya taɓa agogon, balle in kwamfutar ta baba ce.