Bayahuden Tarabulus da gyaɗar Kano

Da wuya ka tarar da mutumin Umarari a Maiduguri da ya taɓa zama da Bayahude ido da ido. Galibi a rediyo ake jin sunan Yahudawa, cikin labarin Gaza. Amma kasuwanci ya daɗe da haɗa mu da su.

A ƙarni na 19, ayarin raƙuma da ke tashi daga Kukawa, ya bi ta Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus ta Libiya, yana ɗauke da fatu da gashin jimina. Attajiran Yahudawan Tarabulus na cikin masu zuba jari a wannan fatauci, su kuma tura gashin jiminar Landan da Faris, inda mata ke ƙawata huluna da shi.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hanyar Sahara ta fara mutuwa, wasu 'yan kasuwar suka biyo arzikin. Fitaccensu shi ne Saul Raccah, wanda ya ƙasaita a cinikin gyaɗa har ya ja daga da manyan kamfanonin Turawa irin su UAC. Tsofaffin masoya ƙwallo sun san sunan ko da ba su san mutumin ba: Raccah Rovers ta Kano ce ta lashe gasar ƙasa a 1978.

Can gida Libiya kuwa, al'ummar Yahudawan ta watse. Mafi yawansu sun yi hijira zuwa Isra'ila tsakanin 1949 da 1951, kusan duk sauran suka fice bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967, da dama zuwa Italiya.