Darasin Koyon Sana'a a Jami'a: Abin da Ɗalibai Ke Gani, da Abin da Aka Bari a Baya

Duk wanda ya tsallaka Kogin Kaduna ya yi kudu, ya ratsa Kakuri kafin ya kama hanyar Kachia zuwa Unguwar Boro, ba zai rasa ganin kangayen masaƙu ba. Kamfanin Kaduna Textiles da aka kafa a 1957 ya ciyar da dubban gidaje kafin ya durƙushe, sauran ma suka bi sahu. 'Ya'ya da jikokin waɗancan ma'aikata su ne yau ke sammakon shiga mota zuwa Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, ko su tafi Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Sun tashi sun ga yadda albashi ke yankewa rana tsaka.

Tun wajen 2006 Gwamnatin Tarayya, ta hannun Hukumar Kula da Jami'o'i, ta wajabta wa kowane ɗalibi darasin koyon sana'a da kasuwanci, ko likitanci yake karanta ko Larabci. Manufar ba ta da aibu. Sai dai idan muka saurari ɗaliban, da yawansu na kallonsa a matsayin wani kwas da za a haddace, a ci jarrabawa, a manta. Aji ya cika maƙil, aikin hannu kaɗan ne, jari kuma babu. Wata ɗalibar tana sayar da turaren wuta da atamfa ta WhatsApp tun tana aji ɗaya, amma ba ta ga alaƙar cinikinta da abin da ake rubuta mata a allo ba.

Mu a nan, abin da ya fi damun mu shi ne wani giɓi da ba a cika magana a kansa ba. Ana koya wa ɗalibi rubuta tsarin kasuwanci, a ƙarshe a ce ya nemi rancen banki. Ɗalibi Musulmi ya san hukuncin riba, sai ya naɗe takardarsa ya ajiye. Alhali malamanmu sun daɗe da warware wannan: akwai ƙiradi, inda mai dukiya ke ba da jari, mai aiki ya juya, a raba riba bisa kason da aka yarda, asarar kuɗi kuwa ta hau kan mai dukiya matuƙar babu sakaci. Akwai musharaka, akwai murabaha. Babin ciniki yana nan cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu, amma sau nawa almajiri ke kaiwa can kafin boko ya ɗauke shi? Bankin Jaiz ma, da ya fara aiki a 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba, a kan irin waɗannan ƙa'idoji ya ginu.

Muna yawan kawo labarin Abdurrahman bin Auf, Allah Ya yarda da shi, wanda ya isa Madina hannu wofi, aka yi masa tayin rabin dukiya, shi kuwa ya nemi a nuna masa kasuwa. Wa'azi ne mai daɗin ji. Amma shi ya zo da ilimin fatauci tun daga Makka.

Unguwar Boro gari ne na cuɗanya, inda ɗan kasuwa Musulmi zai yi ciniki da maƙwabcinsa Kirista kullum, kuma a ma'auninsa za a fara karanta addininsa. Don haka muna ganin ya kamata ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi da limaman masallatan jami'a su buɗe darasin fiƙihun ciniki a zangon da ake wannan kwas, su gayyato tela, mai kaji da mai gyaran waya su zauna kusa da malamin.