Ɗaurin Noti Ba Gwajin Ƙwanji Ba Ne

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci a bakin titin Jos ko kusa da kasuwar Muda Lawal a garin Bauchi ya san yadda ake gama aikin taya. Yaron shago zai zura sifana a noti, ya ƙara mata dogon bututun ƙarfe, ya hau da ƙafa biyu har sai notin ya yi kuka, mai mota kuma ya gyaɗa kai, hankalinsa ya kwanta. A ganinsa, iya tsananin ɗauri iya aminci. Wannan kuskure ne, irin wanda kan ci rai a hanyar Ningi ko ta Alƙaleri.

Ƙarfin murɗa noti abu ne da ake aunawa: nauyin da aka danna a ninka shi da tsawon hannun sifana, a ƙirga da Newton-mita. Notin tayar Toyota Corolla 103 kacal yake buƙata. Saurayi mai kilo 70 da ya hau ƙarshen bututu mai tsawon mita ɗaya kuwa ya zuba masa kusan 690, fiye da ninki shida ke nan, ɗaurin da ya fi kama da na tayar tirela. Abin da ido ba ya gani shi ne, ƙusar da notin ke hawa takan ɗan miƙe idan an ɗaure, kuma wannan jan nata ne ke manne wili da mazauninsa. In aka wuce iyaka, ƙarfen ya miƙe ke nan ba komawa, haƙoransa su gaji, farantin birki ma ya iya karkacewa. A ranar ba a ganin komai, sai mota ta ɗauki kaya ta faɗa rami sannan ƙusa ta karye.

Tsofaffin kanikawa za su ce hannunsu ya san ɗauri, kuma shekara talatin a ƙarƙashin mota ba wasa ba ce. Ban raina wannan ba. Sai dai hannu turjiyar noti kawai yake ji, alhali kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin murɗa a gogayyar ƙarfe da ƙarfe yake ƙarewa. Tsatsa ko ƙurar hunturu kan sa noti ya yi tauri tun bai kama ba, giris kuma ya sa ya zarce ba a sani ba. Ga shi kiɗa ya canza: kan injin yawancin motocin yau na alminiyam ne, ƙusoshinsa daga tsakiya zuwa gefe ake ɗaure su, mataki mataki, wasu ma sau ɗaya tak ake amfani da su. In an yi da ka, sai gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai.

Masu cewa hanyoyinmu sun lalace, dole a ƙara ɗauri, sun gano ciwo amma sun saɓa magani. Abin da ya dace shi ne a ɗaure notin taya a gicciye, ba bi da bi ba, a kuma sake duba su bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. Batun tsada kuwa, sifanar awo, wadda ke yin ƙas idan ɗauri ya kai, ɗaya ta ishi gareji guda shekara da shekaru.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a Bauchi, garin da kamfanin Steyr ya fara haɗa manyan motoci da taraktoci a ƙarshen shekarun 1970, ga kuma sassan injiniyanci a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji. Ya kamata ƙungiyar kanikawa ta NATA ta haɗa kai da su, a koya wa yaran gareji karanta awo tun suna koyon aiki. Kai kuma mai mota, lambar awon ɗaurin tana cikin littafin motarka. Kafin yaro ya hau bututu, ka tsayar da shi ka tambayi maigidansa da nawa zai ɗaure.