Yadda A Ke Isa Ga Saba A Cikin Baƙuwar Kwamfuta

Akwai wata dabara da masu aikin kwamfuta su ke yi, watau su kafa kwamfuta ta biyu a cikin wadda su ke da ita. Wannan ta biyun ba ta da jiki, manhaja ce kawai, amma tana aiki kamar ta gaske. Ta ainihin ana kiranta mai masauki, ta cikin kuwa baƙuwa. Ɗaya daga cikin manhajojin da ke yin wannan aiki ita ce VirtualBox, wadda wani kamfanin Jamus ya fitar a 2007, yanzu kuwa tana hannun kamfanin Oracle.

Mai gina shafin intanet ya kan sa saba, kamar Apache, a cikin baƙuwar, don ya gwada aikinsa kafin duniya ta gani. Saba ita ce manhajar da ke miƙa shafi ga wanda ya nema. To, sau da yawa in ya buɗe burawza a kan mai masauki, ya rubuta adireshin 127.0.0.1, sai shafi ya ƙi fitowa. Dalili kuwa, wannan lamba kamar kalmar "nan" ta ke. Wanda ke Landan in ya ce "nan", Landan ya ke nufi, na Makka kuwa Makka. Haka kowace kwamfuta, in an ce mata 127.0.0.1, kanta za ta duba.

Ga kuma wata wahalar. Bisa al'ada VirtualBox ta kan ajiye baƙuwa cikin tsarin da a ke kira NAT, ta ba ta adireshin 10.0.2.15. A nan baƙuwa tana iya aika saƙo waje, amsa ta komo mata, amma na waje ba shi da ikon fara yi mata sallama, ko da mai masaukinta ne.

Magani iri uku ne. Na farko, a haɗa ƙofa da ƙofa. Kowace kwamfuta tana da ƙofofi masu lamba, saba kuwa a ƙofa ta 80 ta saba jira. Sai a umurci VirtualBox, duk abin da ya zo ƙofa ta 8080 ta mai masauki ta wuce da shi ƙofa ta 80 ta baƙuwa. Sa'an nan in an rubuta 127.0.0.1:8080, shafi ya fito. Na biyu, a buɗe hanyar cikin gida, wadda su biyu kaɗai ke bi, baƙuwa ta sami adireshi mai farawa da 192.168.56. Na uku, a yi gada, baƙuwa ta karɓi adireshinta daga na'urar da ke raba intanet a wurin, kamar sauran kwamfutoci.

In an yi haka shafi bai fito ba, a duba abu biyu. Wata saba ana tsara ta ta saurari 127.0.0.1 kaɗai, sai an mai da ita 0.0.0.0 kafin ta amsa wa na waje. Wani lokaci kuma katangar tsaro ta baƙuwar ce ta toshe ƙofar.

Amma fa a yi hattara da gada. A jami'a ko otal, duk wanda ke kan layi ɗaya yana iya isa ga shafin da ba a gama ba. Saboda haka wanda shi kaɗai zai duba aikinsa, hanyar cikin gida ta ishe shi.